Tsohuwar Gindin Tsamiya

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga angona Kalilu,

Kafin gaisuwa ga abin da za ka tauna, tunda kai ne mai boko. Wata tsohuwa ce zaune a gindin tsamiya. Ba ta ci, ba ta sha, ana kiran salla ba ta tashi. Ba ta taɓa taka Abuja ba, amma mutanen Abuja sun san zamanta. An ce ta rasu bara, ga shi bana tana tsinkar gyaɗa. Wace ce? In ka kasa ka ba ni gari, sai dai kada ka ba ni Abujarku, ba ni da ƙafar hawa bene.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mardiyya da 'yar jaririyarku mai sunana. Allah ya raya ta, ya sa kada ta gaji hancinka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanka yana fita kasuwa, ciwon bayan ya lafa. Mamarka Hussaina na nan da faɗanta. Damina ta yi kyau, gero ya yi kai, gyaɗa ma ba laifi. Za ka yi mamaki da ka ga Daura a saman takarda alhali lokacin kaka ne, lokacin da ko da igiya ba a fitar da ni daga Baure. To, dalilin ke nan na zauna da biro ina wahalar da yatsuna da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da ya rage mini. A waya ba ka bari in kai aya, da na fara sai ka yi dariya ka ce Inno ta soma tatsuniya. Wannan karon ka karanta har ƙasa.

Ni ce na fara dukanka a kan zane, ranar da ka cika mini bangon ɗaki da gawayi, saboda haka ina da bakin magana a sana'arka. Na ga lokacin da kake rubuta bayan motoci a tasha, na ga lokacin da ka koma kafa allon nan mai ƙafa uku a bakin gona, kana shafa fentin mai a kan yadi, kana warin kananzir kamar fitilar da ta kife. Har yau akuyata ba ta yafe maka ba, tun ranar da ta lashi shuɗin fentinka ta yini tana yawo da baki kamar mai rini. Ban taɓa gane yadda mutum zai sayi gonar da ba zai ci geronta ba ya rataye a falo, amma da ita ka yi aure, da ita kake ciyar da iyali, sai na ce Allah ya sa albarka. Kuma ka riƙe maganar kakanka Malam, Allah ya jiƙansa, da ya ce ka zana itace da ƙasa da gajimare yadda kake so, amma kada ka yi wa ɗan Adam fuska. Shi ya sa duk mutanenka ƙanana ne, sun ba da baya. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ka tuna itatuwan gawon nan masu yawa a hanyar garin Babban Mutum, waɗanda ka zana da yamma, ka sa a waya, ka rubuta sunan wurin a ƙasa yadda ka saba? Babu su. Wasu mutane suka zo da injin yanka, suka ce an sayar musu, kafin masu gonakin su gama tambayar wa ya sayar, kututture kawai ya rage. Mutane suka yi ta surutu suka gaji. Sai kuma tafkin da ka zana da shanun Badaru makiyayi suna shan ruwa, har da farin bijimin nan mai karyayyen ƙaho. Wata biyu bayan ka sayar da shi, aka kore shanun daga bakin wannan tafkin, ba a ga ko kofato ba. Badaru bai ce komai a kanka ba, mutumin kirki ne, amma ƙannensa sun ce. Daga nan magana ta rabu biyu a gari. Mata a bakin rijiya suna cewa burushinka ci yake yi, duk abin da ka zana ka sayar sai ya bi mai saye. Maza a majalisa ba su yarda da wannan ba, abin da suke faɗa ya fi muni. Sun ce mutumin da zai yini a bakin daji yana kallon hanyar shanu, yana auna ta da ɗan yatsa, sannan ya watsa wa duniya da sunan wurin, ai aike yake yi wa wasu. Ka san sunan da ake kiran irin waɗannan mutane yanzu, ka kuma san abin da ake musu in an kama su. Hannuna ya ƙi rubuta shi.

Ni dai dariya na yi ta yi, ina cewa yaron da yake gudun ƙadangare shi ne zai yi hulɗa da mutanen daji? Har ranar Asabar ta makon jiya. Ina zaune a gindin tsamiyar gonarmu da hantsi ina tsinkar gyaɗa, baffanka Sagir yana can ƙarshen gona inda ko na yi kira ba zai ji ba, sai ga babur ya bar hanya ya ratso cikin kara. Mutum biyu ne, ban san su ba, kuma ni a Baure ko kaza baƙuwa ce na san ta. Na bayan ya naɗe fuskarsa da rawani. Suka yi sallama da ladabi, ladabin ne ma ya fi ba ni tsoro. Na gaban ya durƙusa ya miƙo mini waya. Kalilu, sai ga tsamiyata, ga rumbun nan da ya karkace, ga 'yar hanyar da take bi ta bayan gona ta fita arewa, ga wata tsohuwa ta ba da baya da shuɗin zane, ta miƙe ƙafar hagu. Zanen da ka yi bara ne, wanda na ce ka rage mini girman ƙeya.

Ya tambaye ni ko nan ne wurin. Musu ba zai yiwu ba, itacen na tsaye a kanmu. Sai ya tambaya ko ni ce a ciki, kuma ko gaskiya ne tsohuwar kakar mai zanen ce, wanda aka ce yana hulɗa da manyan Abuja. A hankali na janyo ƙafar hagu na tanƙwashe ta, ƙafar da rabon da ta tanƙwashu tun kafin aurenka. Allah ya taimake ni ranar atamfa ce a jikina. Na karɓi wayar na kai ta har hanci, na juya ta, na ce ai wannan marigayiya ce, ta rasu bara bayan kaka, ni 'yar ƙodago ce aka ɗauko ni tsinkar gyaɗa. Har na ƙara da cewa masifaffiya ce, ba wanda ya yi kewarta. Mai rawanin ya daɗe yana kallona, ya kalli wayar, ya sake kallona. Babu fuskar da zai gwada. Na ce a raina, Malam, kana kabari kana tsarona. Suka ɗebi gyaɗa cikin hannu ba su tambaya ba, suka hau babur, suka bi ta 'yar hanyar nan ta bayan gona, wadda ka zana ta fes kamar an share.

Ban san ko su waye ba. Sagir ya ce ƙila masu sayen itace ne, babanka ya ce mai sayen itace ba ya tambayar jikan mutum. Ranar aka sa ni a mota aka kawo ni nan gidan babanka, gyaɗata na can a baje. An shaida wa mai gari, ya ce za a sa ido. Ƙafar kuwa har yanzu tana karɓar bashin tanƙwasar da na yi mata. Shuɗin zanen na tura shi ƙasan adaka. Na so in kyautar, sai na tuna duk wadda ta ɗaura shi ta zama ni.

Abin da ya fi hana ni sakewa shi ne, da bakina na kashe kaina. Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, kai shaida ne, na taɓa ce maka aljani ne ke shanye maka fura. Amma ban taɓa kiran mutuwa da sunana ba. Na yi istigfari, na ba da sadakar ƙosai, liman ya ce wanda ya yi don tsira ba shi da laifi. Duk da haka in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in ga na tanƙwashe ƙafa ban sani ba.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo ba ne, umarnin uwargida ne. Ka cire hoton daga waya yau, ka daina rubuta sunan gari a ƙasan aikinka. Mai saye ya ga itace ya ji daɗi, ina ruwansa da inda yake? Bana kada ka zo zanen kaka. Na san ranka zai ɓaci, na san gero in ya yi ja haka hannunka ƙaiƙayi yake, amma tsakanin ƙannen Badaru da masu babur ban san wanda zai riga isa gare ka ba, kuma ba ni da wani angon. Ka zana duwatsun Abuja, su ba mai iya kore su. Sannan kada ka sayar da wannan zanen ko wa ya taya. Mamarka ta ce ka sa fenti ka shafe tsohuwar, itacen ya tsaya shi kaɗai. Na ce a'a. Na riga na kashe ta sau ɗaya, ba zan zauna a nan ina jin ana shafe ni daga nesa ba. Ka naɗe shi cikin buhu ka ba Muktar direba, wanda zai miƙa maka wannan takarda, ya kawo mini. Zan jingine shi a ɗakina in riƙa tsaron kaina da kaina har ƙura ta lafa.

Ka gaishe da Mardiyya, ka ce ta riƙe maka takalma in ta ga kana haɗa burushi. Ka shafa mini kan takwarata. Babanka da mamarka suna gaishe ku, ƙanwarka Sadiya ta ce alkawarin mayafinta yana nan, baffanka Sagir ya ce zai ƙarasa gyaɗar. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa mu gana da alheri.

Na san ka kasa, kullum kasawa kake yi. Ba sai ka zaɓa mini gari ba, Baure nake so, gindin tsamiyata. Tsohuwar nan ni ce, kakarka Inno, kuma ina nan da raina.