Launin Dattako a Allon Ofis

Rotterdam, Oktoba 1989

Yaya Nuala,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya maigidanki Declan da tumakinsa? Ni lafiya lau. Ɗakin da ɗan sanyi, amma littattafai sun toshe tagar.

Saura ƙiris a sallame ni daga aiki, ki gan ni a gida Sligo da akwatina. An kawo wa ofishinmu sababbin kwamfutoci masu allo mai launi. Da yake har yanzu gwada ni ake yi, sai na nemi suna, na ce a bar min daidaita su. Na zaɓa wa kowa ruwan toka, launin dattako.

Da safe abokin aikina Joop ya leƙa allonsa, ya ce, "Sarkin karatu, shagon kek muka koma?"

Ashe ruwan hoda ne! Shugabarmu, Madam Terpstra, ta ɗaga min fayil ja da kore, na ce ai tagwaye ne, launinsu ɗaya. Ashe idona ne ba ya rarrabe launi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Zauna abinka, Fergal, amma kada ka ƙara taɓa allon kowa."

Aiki dai ya tsira. Ki aiko min da ganyen shayin gida, Allah ya saka miki. Sannan ki faɗa min gaskiya: kwat ɗin nan ruwan toka da na yi ta taƙama da ita ranar aurenki, wane launi gare ta?

Ƙaninki,
Fergal