Ɗakin Ƙasa Ya Kuɓuce Mana

Cooma,
9 ga Yuli.

Zuwa ga yayata Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuna fama da zafinku na Darwin. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan sanyi ya kankama. Baba yana cin abinci kaɗan-kaɗan, amma ƙafafun sun ƙi, kuma likita ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa da wuya ya ga wani hunturun bayan wannan.

Maganar masaukinmu na watan Agusta ce ta sa na ɗauki alƙalami, raina a jagule. Kin san burin Baba ɗaya ne, ya sake kwana a gidan ƙungiyar masu zamiyar ƙanƙara da shi da abokansa suka gina da hannunsu a kan dutse. Kin kuma san dokar gidan: wanda bai je aikin gayyar bazara ba, fenti da faskare, sunansa ba ya shiga ƙuri'ar ɗakuna. To bana ina asibiti da Baba ranar gayyar. Ɗakin ƙasa guda ɗaya tak, wanda babu hawa, ya faɗa wa wasu baƙin iyali da ko sunan Baba ba su sani ba. Abin da ya rage ɗakin sama ne, matakala ashirin da biyu, ga mutumin da ba ya iya taka uku.

Na ajiye girman kaina na je wurin Merv, sakataren ƙungiya, na roƙe shi har da hawaye. Ya yi ta murza hularsa, ya ce wallahi yana jin nauyin tsohon, amma doka doka ce, kuma in duba rubutun hannun wa ke jikinta. Na Baba ne, Yaya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Da na kai wa Baba labari, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, ya ce da Merv ya sassauta da ya ci masa mutunci, ragon banza. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Dole na kama ɗaki a wani otal a Jindabyne, can gindin dutse, inda babu matakala kuma babu ƙanƙara. Jiya da hantsi ina aske wa Baba gemu ya tambaye ni a hankali ko daga tagar ɗakin ana hango dutsen. Na ce masa ana gani tar. Ƙarya na yi, wurin ajiye motoci tagar take kallo. Don Allah ki zo kafin ranar, ba zan iya buɗe labulen nan ni kaɗai ba.

Ki gaishe mini da maigidanki Col, da yara, Tegan da ɗan ƙaraminku Lachie. Gwaggo Beryl tana gaishe ku.

Taki ƙanwa,
Noelene