Takardun Ninian Flett a Bangon Ɗakin Kokum

Litinin, 18 ga Nuwamba, 1957

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami. A zuriyarmu mutum ɗaya ne ya taɓa rubuta abin da ya same shi kullum, shi kuwa teku ya ƙetaro, ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayen fatu a dajin arewa. Ni Odile ce kawai, 'yar sakandare, ko tafkinmu ban taɓa ƙetarewa ba. Amma haushi ya cika mini ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yau Malama Haig ta yi mana darasi a kan fataken fatu na farko. Ta rubuta sunaye a allo, har da Ninian Flett, kakan kakata. Ta ce abin takaici, takardunsa sun ɓace. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba, ni da ba na magana a aji. Na ce ba su ɓace ba, suna liƙe a bangon ɗakin Kokum, wato kaka da harshenmu. Aji ya fashe da dariya. Malama kuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Da me aka liƙa su?"

Na ce da fulawa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na tambayi Kokum yadda aka yi suka ɓata tarihi haka. Tana gyaran kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Uwata ce ta liƙa su, shekarar da sanyi ya kashe mana saniya a tsaye. Shi ai komawa ƙasarsu ya yi, ya bar wa kakata 'ya'ya biyar da akwatin takardu. 'Ya'yan suka girma suka kama aiki. Takardun ne kaɗai za su zauna ba sa komai?"

Na ce amma har da waɗanda aka liƙa kai a ƙasa.

Ta ce, "Iska ba ta iya karatu ba, 'yar boko. Miƙo mini gishiri."

Ba a yi mata magana ta hankali.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Malama ta zo gida. Na share ko'ina sau biyu, duk da haka warin kifi bai fita ba.

Ta hau gadon Kokum da gwiwoyi tana karantawa. Na nuna mata inda kowane abu yake, don a bangon nan na koyi karatu. Saman matashin kai akwai shekarar da ya iso yana yaro, yana amai a jirgi, yana kukan uwarsa. Kusa da taga, lokacin da ya zama shugaban zangon ciniki: bargo da tukunyar ƙarfe da bindiga, a karɓi fatun dila da na biba, dabbar ruwan nan. Bayan ƙofa kuma inda abincinsu ya ƙare a tsakiyar hunturu, ya rubuta, "Mace ta fasa ƙanƙara ta kamo kifi, mun ci." Kakar Kokum ke nan. Ko sau ɗaya bai rubuta sunanta ba. Wannan bai taɓa damuna ba sai yau da na ji Malama ta karanta shi da ƙarfi.

Malama ta ce wannan dukiyar ƙasa ce, za ta rubuta wa masu adana takardun tarihi a birni. Ta ce za a sa sunana a matsayin wadda ta gano su. Sunana, a birni.

Kokum ta ba ta shayi da gurasa, ta ce mini da harshenmu, "Ki gaya mata ta sauko, ta danne mini ƙwaryar ɗinki."

Talata, 3 ga Disamba

Amsa ta zo. Kawu Isidore ya ce shi ne namijin gida, ya amince. Ba wanda ya tambayi Kokum. Ni ma ban tambaye ta ba, don na san abin da za ta ce.

Alhamis, 12 ga Disamba

Mista Rennie, mutumin birni, ya zo da Malama. Ya gaishe da Kawu, ya gaishe ni, ya wuce Kokum kamar kujera ce. Ba mugu ba ne, murna kawai yake yi. Amma ya zaro 'yar wuƙa ya ɗaga takarda guda daga saman matashin kai, wai zai tafi da ita a gwada. Yana cirewa iska ta huro ta tsakanin gungumen bangon, har zanen taga ya motsa.

Ya ce bayan Sabuwar Shekara zai dawo da injin tururi, a jiƙa bangon a ɓare shi duka har itace. Ɗakin zai jiƙe, ba zai kwantu ba sai an yi ɗumi. Kawu ya ce ba komai, tsohuwa za ta koma gidansa.

Kokum ta fahimta sarai. A ɗakin nan aka haife ta, a nan ta haifi Kawun kansa. Ta cire safarta ɗaya ta cusa a ramin, ta fita.

Asabar, 14 ga Disamba

Haushin kowa nake ji. Kokum da taurin kai, Kawu da son a san da shi, mutumin nan da wuƙarsa. Ba laifina ba ne. Hannu kawai na ɗaga.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ta juya kan gadonta saboda ramin. Tana tari da safe. Na ji Kawu yana lallashinta bayan mun dawo daga coci.

"Inna, gidana ya fi ɗumi. Ga rediyo."

"Rediyonka ya san inda ubanka ya mutu? Ga wurin nan, inda ƙafarka take."

Kawu ya ɗauke ƙafarsa.

Malama ta ce mini idan aka bar takardun, wata rana gobara za ta cinye su, kuma alhakin yana kanmu. Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai.

Litinin, 30 ga Disamba

Kamar kowace shekara, kowane gida yana sake liƙa wa bango takarda kafin masu yawon gaisuwar Sabuwar Shekara su zo. Mu kicin kaɗai muke yi. Yau da safe na tarar Kokum ta dama fulawa cike da babbar tukunya, ta kai ta ɗakinta, ga tarin tsofaffin jaridu da ta roƙo daga maƙwabta.

Na ce, "Kokum, ba ki da iko. Dukiyar ƙasa ce."

"Ƙasa ta zo ta kwana a nan dare ɗaya, sai mu yi magana. Ba yaga su zan yi ba, jikata. Bargo zan lulluɓa musu. Ran da kuka kai ni makwancina, ku ɓare bangon kamar albasa, kowa ya ɗauki nasa."

Na ce ba ruwana, ba zan taɓa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannu. Ta fara daga ƙasa, tana shafawa tana tari. Da ta gama inda hannunta ya kai sai ta jawo kujerar nan mai gurguwar ƙafa za ta hau.

To, me zan yi? In bar ta ta faɗo?

Na sama kawai na yi. Da na bayan ƙofa, don ita ba ta iya liƙawa daidai. Na daɗe a wurin kifin kafin in rufe shi.

Alhamis, 2 ga Janairu, 1958

Sun zo da injinsu. Mista Rennie ya tsaya yana kallon bango cike da tallan takalma da farashin alkama. Kawu ya fara faɗa. Malama ta dube ni, na dubi ƙasa, fulawa ba ta gama fita daga farcena ba.

Kokum ta ce yau ba ta jin Turanci, ni zan fassara. Ta ce a gaya wa baƙon sunan matar da ta kamo kifin nan shi ne Wapiskaw, ya rubuta ya tafi da shi, wannan kyauta ne. Sauran kuma ya jira ta mutu, ba za ta daɗe ba, amma ba za ta yi sauri don shi ba.

Da na so, da na sassauta maganar. Ban sassauta ba. Na faɗa yadda ta faɗa. Mista Rennie ya cire hularsa ya ce a sake faɗin sunan a hankali. Ya rubuta. Ya sha shayi kafin ya tafi. Malama ba ta sha ba, kuma Litinin zan shiga ajinta.

Har yanzu ina ganin ba daidai aka yi ba. Ina jin haka, galibi.

Ɗakin ya yi ɗumi. Ɗazu Kokum ta gan ni da wannan littafin, ta ce me nake ta rubutawa kamar kakanta. Na ce ba komai, amma in ba ta so zan daina. Ta ce da sunanta a ciki? Na duba, kunya ta kama ni, Kokum kawai na yi ta rubutawa.

Sunanta Eulalie.

Na ce, "To, kin yarda in ci gaba?"