Taurari Biyu a Saƙon Ɗan Fari

Zuwa ga na Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan saƙo zai same ka lafiya a can Faransa, kai da mutanen da kake zaune cikinsu. Mu nan Ƙonni sai godiyar Allah. An gama yankan gero, wake ya yi kyau a Bazaga, kawunka ya aiko mini da rabona a amalanken jaki.

Ka san saƙon nan ba na sirri ba ne. Kwamfuta ɗaya ce a buronmu, wato ofishin aikin gona, an girke ta a tsakiyar ɗaki, kuma duk abin da na buga sai ya yini a cikinta kafin layin tarho ya kai shi Yamai. Yanzu haka direban buro yana tsaye a bayana, wai makulli yake nema. To, su karanta. Na gaji da jiran ranar da buro zai watse.

Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Kai ne na fari, kuma haka muka tarar ana yi. Ana yaye ka kakarka Inna ta goya ka ta tafi Tajaye, ka tashi kana ce mata uwa, ni kana ce mini Yaya. Ranar da za ku tafi ina tsakar gida a bakin turmi, ko ɗaga kai ban yi ba. Mata suka yi ta yabona, wai yarinyar nan akwai kunya. Ba wadda ta leƙa turmin. Surfe aka sa ni, sai da na mai da hatsin gari.

Da ka shiga lakwal, makarantar boko, a Illela, lokacin ina aikin keken rubutu a can, kakan biyo ta buro in an tashe ku. Ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon yatsuna, ni kuma in ce wa Madam Rabi, abokiyar aikina, a ba yaron can ruwa ya wuce. Keken nan ba shi da baƙaƙe masu kauri. In ana so kalma ta fito fili, sai in koma baya in sake buga ta a kan kanta, ko in ja mata layi a ƙasa. Ita ka tambaya dalili, ba ni ba. Ta ce maka abin da ake so a ji shi ake nanatawa. Ina jin ku, na yi kamar kabon nake gyarawa.

Ka ci jarrabawa ka wuce Yamai, daga can jirgi ya ɗauke ka. Mahaifinka ya rasu ba ka nan, Inna ta bi bayansa. Ƙannenka aure ya raba su, ɗaya Malbaza, ɗaya Sakkwato. Gidan nan da ka sani da hayaniya, yanzu in na dawo daga aiki ni ke yin sallama, ni ke tura ƙofa. Babbar tukunya tana kife a bayan ɗaki, ƙaramar ma ba na cinye abin da ke cikinta. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Da aka kawo mana kwamfuta, kai ka koya mini yadda ake tsara saƙo daga inda kake. Saƙon da ke bin layin tarho rubutu ne tsura, babu kauri, babu jan layi, duk baƙaƙen kansu ɗaya. Ka ce in sa alamar nan mai kama da darni a farkon layi in kan magana ne. In abubuwa zan jera, kowanne ya fara da ɗan gajeren layi. In kuwa kalma ce mai nauyi, tauraro a gabanta, tauraro a bayanta. Ka ce a wajen aikinku haka kuke rubuta shafukan intanet, na'ura ta ga alamar ta mai da rubutun babba ko mai kauri, in ma ba ta mayar ba, mai karatu ya gane da idonsa. Har ka rubuto mini cewa, Yaya, a tarho murya ake ji, a nan kuwa tauraro ne murya.

Na kama abin da wuri, hannun tsohuwar mai keke ai bai mutu ba. Na sa wa taki tauraro. Na sa wa ranar taro, na sa wa famfon da ya lalace a lambun albasa. Mutanen Yamai har yabon rahotonmu suke yi. Saƙon da nake aika maka kaɗai nake bugawa tsura: muna lafiya, an yi ruwa, ka riƙe salla.

Sai ga saƙonka na watan jiya. Ka ce sun ba ka aiki na dindindin, in ka sa hannu zama ya kama ka ke nan. Ka ce in ina so ka dawo in faɗa, ka kewaye maganar da taurari. Na karanta shugaban buro yana gefena yana jiran takardarsa. Na amsa maka abin da kowace uwa a garin nan za ta ce wa ɗan fari a gaban mutane: yadda ka gani, Allah ya zaɓa mafi alheri.

Kai kuma da iliminka sai ka rubuto kana godiya. Wai ka duba saƙona daga sama har ƙasa ba ka ga tauraro ba, don haka hankalinka ya kwanta, za ka sa hannu bayan Babbar Salla. Haba, na Inna! A Tajaye fa ka tashi. Yaushe ka ga macen da ta ɗaga murya a kan ɗanta na fari? Da Inna tana raye, da jin "yadda ka gani" za ta aiko a kama maka kunne. Na koma gida ran nan ban hura wuta ba.

Yanzu raguna sun fara cika kasuwa, Salla ta matso. Ba na so in tare maka hanya, na san wahalar da ka sha kafin ka kai inda kake. Amma ka tambaye ni, kuma ka ce ba ka jin magana sai an sa mata alama. Shekaruna sun ja, idona ya fara gajiya da hasken na'urar nan, ba ni da lokacin da zan jira ka gane da kanka. Madam Rabi, da har yau tare muke aiki, tana nan kusa, ta daina buga kekenta. Direba ya manta da makullinsa. Gobe duk Ƙonni za a ce Hadiza ta zubar da kunya da tsufanta. Su faɗa.

*Isuhu, ɗana, ka dawo gida.*

Na buga, kuma ba zan share ba.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya yi maka albarka a abin da ka koya. Allah ya jiƙan mahaifinka da Inna, ya haskaka kabarinsu. Ya sa in ji sallamarka a ƙofar gidan nan tun ina da ƙarfin tashi in buɗe maka. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Hadiza