Yarinyar da Kaka Embun Ta Shayar

Taiping, Perak

Zuwa ga Kawuna Zainol,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida a Sandakan. Allah ya ƙara maka tsawon rai, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai ruwan yamma da ka san garinmu da shi. Maigidana Roslan ya samu sauƙin tari, 'yarmu Suraya kuma haihuwa yau ko gobe. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka, don na san kunnen ya yi nauyi, maganar kuwa ba ta ɗaga murya ba ce.

Ka san tun da na bar koyarwa nake aikin sa kai a ƙungiyar tarihin garinmu. Bana aka ba ni layin gidajen katako na bayan kasuwa, inda aka haife ku, in binciko waɗanda suka zauna a can da inda suka watsu. Yawancin aikin zama ne da tsofaffi, a sha shayi, a saurara. Neman ne ya kai ni gidan kula da tsofaffi, wurin wata tsohuwa 'yar asalin Sin mai suna Ooi Guat Eng. Ba ta karɓe ni da fara'a ba. Cewa ta yi mu 'yan tarihi halin ungulu gare mu, ba ma zuwa sai mun ji mutum ya kusa. Na yi dariya na ajiye mata ayabar da na kawo, ta juya ta, ta ce ai ita ma ayabar ta kusa. Sai da na miƙe zan tafi ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na ce ni jikar Embun ce, sai ta sa na matso ta ƙare wa fuskata kallo, sannan ta ce in koma in zauna.

Kawu, ga abin da ta gaya mini. A zamanin yaƙi, lokacin mamayar Japanawa, aka haife ta, a gidan da ke manne da naku. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, madara babu a gari, shinkafa ta yi wuya, rogo kowa ke ci. Mahaifinta, mai aikin haƙar kuza, ya naɗe ta a zani ya je ya tsaya a ƙofar Kaka Embun. Lokacin Kaka tana goyonka. Ta miƙa hannu ta karɓe ta, ta shayar da ku tare har yaye, kuka tashi a tabarma ɗaya. Bayan yaƙi gwaggonta ta ɗauke ta zuwa wata unguwa, ta hana ta sake taka layin, wai kada ta manta asalinta. Ta ce ta girma tana hango ka kana wucewa makaranta a keke, ba ta taɓa samun ƙarfin halin tsayar da kai ba. Ranar jana'izar Kaka ma ta zo, ta tsaya a tsallaken titi har aka watse.

Ban gaskata nan take ba, don tsufa yakan cakuɗa labari. Sai ta ce to in tambaye ka tabon ƙunar da ke ƙafarka ta hagu. Wai tukunyar rogo ce a kan wuta, kai ka jawo ta don haɗama, ita kuma aka yi wa faɗan. Na san tabon nan, Kawu. Da na gaya wa Roslan, ya ce in dai haka ne, a addini innata ce, kuma bai kamata inna ta zauna inda ba mai leƙa ta ba. Ba ta da kowa yanzu, ɗanta guda ya riga ta gidan gaskiya. Ranar Lahadi muka ɗauko ta ta yini a gida. Ta cinye kifin da na dafa tas, sannan ta ce ban gaji hannun Kaka ba.

Shugaban ƙungiyarmu yana so a saka labarin a baje kolin bana. Na ce ya dakata, don naka ne da nata kafin ya zama na gari. Abin da nake roƙo shi ne ka gaya mini ko kana tuna ta, ko da inuwa-inuwa. In kuma gwiwa za ta bari, ka sa ɗanka Azhar ya rako ka. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ita ma ta sani. Ba ta nemi a riƙe ta ba, so take kawai ku zauna wuri ɗaya.

Ka gaishe mini da Azhar da matarsa Normala da yaran duka. Roslan da Suraya suna gaisuwa. Guat Eng ma ta ce in gaishe ka. Na tambaye ta ko in rubuta "Malam Zainol", ta harare ni, ta ce wane irin malam, in rubuta "Yayana".

'Yarka,
Salbiah