Yarinyar da Ta Tsaya Gabanka Ranar Asabar

Ya hasken safiyata, sanyin inuwa a tsakar rana, ya ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa, ya wanda ban taɓa iya kiran sunansa a fili ba,

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna ba ta sani ba. Yarinyar da ta tsaya gabanka ranar Asabar ta ƙi magana, har ka kore ta, ni ce. Ni ce, mai ɗinka maɓalli a shagon Inna, wadda kake kira Malama Shiru.

Tun ranar da batir ya fashe maka a fuska aka ɗauke ka daga shagon gyaran janareta da ke kallon namu, titinmu ya zame mini gona bayan girbi, ba ganye, ba tsuntsu. Ina durƙushe ina neman allura na ji oganku yana gaya wa Inna cewa idanun ba su dawo ba, kuma mahaifiyarka ta mayar da kai gida, ƙaramin garin nan na bakin kogi, gida mai shuɗiyar ƙofa a bayan asibiti. Na haddace kwatancen kamar karatun jarrabawa.

Ka tuna ranar da ka gyara mana dutsen guga ka kawo da kanka? Ka tambaye ni ko ya yi zafi, na gyaɗa kai. Ka tambayi sunana, na kalli ƙasa. Sai ka yi dariya ka ce ba komai, dama ƙarar janareta ta ishe ka, idona ma ya isa hira. Daga ranar, kullum da safe kana ɗaga mini sifanar da kake kwance noti da ita, ni kuma in ɗaga maka hannu ta bayan keken ɗinki. Iyakar hirarmu ke nan, amma wallahi ta fi mini zuma! Wa ya gaya mini wata rana za ta gagare mu?

Da Yaya ya ce zai ari motar abokinsa ya kai iyalinsa shan iska bakin kogin garinku, na ce zan bi su in riƙe musu jaririya. Matar Yaya ta riƙe haɓa ta ce yau bebiya ta yi magana, a kwashe shanya, za a yi ruwa. A hanya yara suna ta waƙa, bishiyoyi suna gudu baya, zuciyata kuwa ta riga motar isa. Da suka shimfiɗa tabarma yara suka faɗa wasan yashi, na ce zan je sayo ruwan sha.

Na same ka a kan benci a ƙofar gida. Ya farin watana, me aka yi maka? Ka rame kamar reshen da aka sare aka bari a rana. Baƙin tabarau ya rufe idanun da nake kwana ina tashi da su, tabon ƙuna ya bi kumatunka har wuya. Tsohuwar rediyo ce a buɗe kan cinyarka, kana lalubar wayoyinta da yatsu. Wani ɗan noti ya suɓuce maka ya gangaro har ƙafata. Na ɗauka na ajiye a gefen bencin a hankali. Ka ji motsina, ka ɗago kai ka tambaya ko wane ne.

Ni kuwa sai na ɗaga maka hannu.

Wayyo ni! Hannu na ɗaga maka, kamar kullum, har da murmushi. Ka sake tambaya. Na buɗe baki, na sake rufewa. Sai fuskarka ta sauya. Ka ce in yaran unguwa ne suka dawo kallo, to kallon ya isa haka, kai ba biri ba ne. Ka miƙe da ƙarfi, rediyon ta faɗi ta tarwatse. Mahaifiyarka ta ƙwala maka kira daga ciki, ni kuma na zura da gudu kamar ɓarauniya.

Na koma bakin kogi hannu rabbana. Matar Yaya ta ce ko rijiya na tsaya haƙawa, kuma ina ruwan? A mota na kifa kaina kan jaririya, suka ɗauka jiri nake ji.

Shekaranjiya oganku ya dawo daga duba ka. Ya ce tun Asabar ka daina fitowa ƙofar gida, abinci ma sai an yi da gaske. Ya ce ka tambaye shi ko akwai wanda ke cigiyarka a titinmu, shi kuma ya ce kowa na gaishe ka. Kowa! Ina kowa ya san yadda nake? Fuskata kaɗai ka sani, ita kuwa an ɗauke maka. Muryata ko sau ɗaya ba ka taɓa ji ba. In na ci gaba da shiru, ai a wurinka na mutu ke nan, kai kuma ka zauna a ɗaki kana zaton an manta da kai. Don Allah, sanyin idona, kada ka bari duhu ya cinye ka kafin in iso. Ka fito ko rana ta taɓa ka.

Da farko na yi niyyar ba oganku wannan takarda ya kai wa ƙanwarka ta karanta maka. Na fasa. Na roƙi Inna ta bar ni ranar Asabar mai zuwa in je duba mara lafiya, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in dawo kafin la'asar. Kullum ina zagawa bayan shago ina gwada karanta ta da ƙarfi. Karatuna da tuntuɓe yake, daga firamare na tsaya. Duk da haka zan yi sallama, in gaida mahaifiyarka, in zauna a ƙarshen benci in karanta maka da bakina, tun daga layin farko. In za ka sake kora ta, ka kore ni kana sane da ko wace ce.

Taka ce ni, ko kana ganina ko ba ka gani, har numfashina ya ƙare,

Malama Shiru