Mijina Ya Manta Da Ni, Bai Manta Da Kofunansa Ba

Anti Muriel, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni da mijina Neville mun fi shekara talatin muna tara tsofaffin kofunan duba, irin na tangaran ɗin nan da kakanninmu ke karanta ganyen shayi a ciki. Wasu an zana musu karta, wasu taurari, wasu zobe da jirgin ruwa. Ba mu taɓa yarda da duban ba, wasa ne kawai. Kowace Asabar muna kasuwar tsofaffin kaya ta garinmu Leek ko ta wani gari, shi yana ɗaga kofi yana haska shi a rana, ni ina tone kwalaye ina neman farantinsa.

Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. Sunana ya ɓace masa tun bara, "baiwar Allah" yake ce mini. Amma ki miƙa masa kowane kofi, zai faɗa miki garin da muka saye shi, har da ruwan da ya dake mu a ranar. Makon jiya ya juya kofina a kan faranti, ya leƙa, ya ce wai ya ga zobe, na kusa auren mutumin kirki, in yi haƙuri yana nan tafe. Na yi dariya a gabansa, na shiga banɗaki na sha kuka.

Anti, wani lokaci haushin kofunan nake ji, kamar in tarwatsa su duka. Me suka yi masa da ban yi ba?

Ran Lahadi kofi ɗaya ya suɓuce masa ya fashe, ya yanke a hannu wajen tsince ɓaraguzan. Ɗanmu Alastair ya ce abin ya isa haka. Wata mai zuwa za a kai Neville gidan kula da tsofaffi, ɗakin da za a ba shi ɗan ƙarami ne, ba zai ɗauki kofunan ba, kuma akwai wata mai tara irin kofunan nan a garin Harrogate da ke son kwashe su gaba ɗaya. Alastair ya ce ni ma in huta, wai kwanuka ne fa, Mama. Na san tausayina yake ji. Amma in na rabu da su, da me zan riƙa jin muryar mijina?

Mai kewar miji yana raye, Leek

Ƴar'uwata,

Ki daina tuhumar kanki kan haushin nan. Gajiya ce da baƙin ciki, duk mai jinya ya san su.

Ki lura da abu ɗaya. In Neville ya ce ruwa ya dake "mu", da wa yake nufi? Kowane kofin da yake tunawa, kina tsaye kusa da shi a ranar. Sunanki ciwon ya ɗauke, bai ɗauke shekarun ba.

Alastair ma ba maƙiyinki ba ne. Ya ga jini a hannun mahaifinsa, ya ga uwarsa tana ramewa, ya nemi abin da zai iya gyarawa. Yana da gaskiya cewa kada a ƙara barin Neville shi kaɗai da tangaran. Amma babu abin da ya sa dole a yanke hukuncin sayarwa a watan da mijinki zai bar gida. Rashi biyu a lokaci guda ya yi miki yawa. Ki ce wa matar nan ta Harrogate ta dakata sai baɗi.

Ki naɗe kofunan ki ajiye. Duk ranar ziyara ki ɗauki ɗaya a jaka, ki dafa shayi, ki zauna kusa da shi ya ba ki labarinsa, ki koma da abinki. Wata rana ki tafi da Alastair, ya ji mahaifinsa yana hira kamar dā. Sannan ki riƙa barci, ki riƙa cin abinci, ki karɓi taimako idan an miƙo.

Allah Ya ba Neville sauƙi, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Muriel